Yadda na rage ƙiba da allurar likita ina fama da amosanin gwiwa

Ban taso da ƙiba ba. Siriri ne ni tun ina yaro, irin yaran nan da ba sa zama wuri ɗaya, kuma ƙwallo ce ta cinye mini ƙuruciya. Ina da shekara ashirin da 'yan kai na samu raunin da ya juya mini rayuwa. Na kafa ƙafar dama a ƙasa, na juya jikina da gudu, ƙafar ta ƙi biyo ni. Na ji wani ƙas a cikin gwiwa, kafin dare ta kumbura suntum. Hoton da aka ɗauka daga baya ya nuna ɓarna biyu. Jijiyar tsakiyar gwiwa, wadda ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba, ta tsinke, ita ce likitoci ke kira ACL. Sannan guringuntsin nan mai lanƙwasa da ke tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri, wato meniskus, ya yage. Aikinsa aikin gammo ne, shi ke shimfiɗa nauyi don kada ya taru a wuri guda. Aka yi mini tiyata aka yanke ɓangaren da ya yage, jijiyar kuwa aka bar ta haka.

Bayan 'yan watanni na koma tafiya garau, har na ɗauka magana ta ƙare. Ƙwallo dai na haƙura da ita, domin duk sanda na yi juyi da sauri sai gwiwar ta goce. Na kama aikin zama. Gudu ya tafi amma cin ɗan ƙwallo yana nan, nauyi kuma ya riƙa hawa a hankali, yadda ba ka ankara sai ranar da wando ya ƙi ɗauruwa. Kafin in cika arba'in na haura kilo 110.

Ciwon bai zo da hayaniya ba. Da safe gwiwar kan sandare na 'yan mintoci, sai na ɗan taka ta sannan ta saki. In na daɗe a zaune, takun farko sai da dafa bango. Saukowa daga bene ya fi hawa azaba. Tana ƙara ƙurus-ƙurus in na lanƙwasa ta, kuma ranar da na yi yawo da yawa, da yamma sai ta cika ta yi ɗumi. Likitan ƙashi ya sa aka ɗauke ni hoto a tsaye, domin a kwance ƙasusuwan kan buɗe su ɓoye gaskiyar lamarin. Ya ɗaga hoton yana nuna mini da bakin biro: ta gefen waje akwai sarari tsakanin ƙashi da ƙashi, ta gefen ciki kuwa, inda aka yanke guringuntsin, saura ƙiris su haɗe, ga wasu 'yan tsiro na ƙashi a baki-baki. Ya ce amosanin gaɓɓai ne irin wanda ke biyo bayan rauni, mataki na uku cikin huɗu.

Na ce, "Likita, raunin da ya warke tuntuni?"

Ya ce, "Malam, fata ce ta warke. Kusan rabin waɗanda suka tsinke wannan jijiya ko suka yaga wannan guringuntsi, bayan shekara goma zuwa ashirin za ka tarar amosani ya shiga gwiwar, an yi tiyata ko ba a yi ba."

Ya yi mini bayani cewa guringuntsin da ya lulluɓe kan ƙashi ba shi da hanyoyin jini, shi ya sa in ya cinye ba ya tofowa. Ya kuma raba mini irin nawa da wani amosanin da ake rikita su. In sandarewar safe tana wuce rabin awa sosai, kuma gaɓoɓi da yawa ne ke kumbura dama da hagu, musamman 'yan yatsu, wannan cuta ce ta garkuwar jiki, maganinta daban. In kuwa gaɓa ɗaya ce ta yi zafi rau, ta kumbura, ga zazzaɓi, ba a kwana da ita a gida, domin ƙwayar cuta na iya cinye gaɓa cikin 'yan kwanaki.

Shekarun da suka biyo baya su ne mafi ɗaci. Gaba kura baya sayaki: gwiwa ta hana ni motsi, rashin motsi ya ƙara mini nauyi, nauyi ya ƙara danne gwiwa. Kowa kuma likita ne a kan mai ƙiba. "Ka rage ci mana." "Ka riƙa ɗan gudu da safe." Ka ce musu gwiwa, su yi maka kallon mai neman uzuri. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar da ƙaramin ɗana ya ɗago hannu in ɗauke shi mu hau matakala, na tsaya ina lissafi a zuciyata ko ƙafar za ta ɗauke mu mu biyu. Na daina zuwa wuraren da na san za a daɗe a tsaye, na zama mai saurin fushi a gida, kuma diklofenak, ƙwayar kashe zafi, ya zama abokin karin kumallona. Ba a daɗe ba ƙwannafi ya sa ni gaba, hawan jini ya biyo baya.

Ba wai ban gwada rage ci ba. Nakan sauke kilo biyar ko shida, in riƙe na ɗan lokaci, sannan su dawo da 'yan rakiya. Sai daga baya na fahimci dalili. Idan nauyi ya sauka, jiki kan ɗauka fari aka shiga: sinadarin da ke tayar da yunwa ya ƙaru, waɗanda ke sanar da ƙoshi su ragu, kuma jiki ya rage yawan kuzarin da yake ƙonawa. Mai lafiyar ƙafa yana iya cike giɓin da tafiya mai nisa. Ni kuwa wannan ƙofar a rufe take.

Lissafi ɗaya ne ya sa na sake zama da likita da gaske. Wani bincike da aka yi a jami'ar Wake Forest ta Amurka a 2005 ya nuna cewa duk kilo ɗaya da mai amosanin gwiwa ya sauke, nauyin da ke sauka a kan gwiwarsa a kowane taku yana raguwa da kusan kilo huɗu. Ka sauke goma, ka ɗauke wa gwiwa arba'in, a kowane taku, dubban taku a wuni. Masu binciken nan sun sake bibiyar mutum 454 na tsawon wata 18, suka buga sakamakon a 2013: waɗanda suka haɗa gyaran abinci da motsa jiki sun sauke sama da kashi 10 cikin 100 na nauyinsu, ciwonsu kuma ya ragu da kusan rabi. Kuma ba danniya kaɗai ba ce matsalar. Kitse yana fitar da sinadarai masu hura kumburi a jiki, shi ya sa har amosanin 'yan yatsu ya fi yawa ga masu ƙiba, alhali ba wanda ke tafiya da hannu.

Da likitan ya kawo maganar magani, raina bai so ba. Gani nake kamar na sallama ne, kamar na yarda ba ni da ƙarfin hali. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, maganin hawan jinin da kake sha, ka taɓa jin kunyarsa?" Ban ba shi amsa ba, amma da maganar na kwana.

Ba a rubuta irin wannan magani don mutum ya ce yana so. Sai an auna nauyi da tsayi an fitar da ma'aunin BMI, wato nauyinka a kilo a raba da tsayinka a mita sau kansa. Ana bayarwa in ya kai 30, ko 27 in akwai wata cuta mai alaƙa da ƙiba kamar hawan jini ko ciwon suga. Nawa ya kusa 38. An ɗebi jinina aka duba suga, ƙoda, hanta da kitsen jini. Sannan ya jero tambayoyi: ko wani a danginmu ya taɓa yin wani nau'in sankarar tayirod, gaɓar nan ta gaban wuya, domin mai wannan tarihi ba a ba shi, ko na taɓa kumburin fankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin, ko ina da tsakuwa a matsarmama, ko ina shan maganin suga, tunda haɗa shi da insulin na iya kayar da suga ƙasa warwas. Mace kuma ana tambayar ta batun juna biyu. Ba a amfani da shi da ciki, kuma mai niyyar ɗauka takan daina aƙalla wata biyu kafin nan.

Magungunan ba ɗaya ba ne. Akwai olistat, ƙwaya da ke hana hanji tsotse kusan kashi 30 cikin 100 na maiƙon da aka ci, sai dai maiƙon da bai shiga jini ba ta bayan gida yake fita, wani lokaci ba sallama. Akwai masu danne sha'awar abinci ta hanyar zaburar da jiki, waɗanda ke ƙara bugun zuciya, don haka hawan jinina ya fitar da su daga lissafi. Akwai liragulutayid, allurar kullum. Akwai tirzefatayid, da ake sayarwa da sunan Mounjaro ko Zepbound, allurar mako-mako. Sai semagulutayid, wanda aka fara amincewa da shi a Amurka a 2017 domin ciwon suga da sunan Ozempic, sannan a 2021 domin rage ƙiba da sunan Wegovy. A kansa muka tsaya.

Maganin yana kwaikwayon wani sinadari ne da hanji ke saki bayan an ci abinci, GLP-1, wanda ke gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi, ya kuma sa abinci ya daɗe a ciki kafin ya wuce. Na jiki yakan ɓace cikin 'yan mintoci, na allura kuwa sai ya yi kusan mako kafin rabinsa ya bar jini, shi ya sa sau ɗaya ake yi a mako. Ana farawa da miligiram 0.25 na mako huɗu, sai 0.5, sai 1, sai 1.7, sai 2.4, kowane mataki mako huɗu. Matakin farko ba don rage nauyi aka yi shi ba, don ciki ya saba ne. Masu gaggawar tsallake mataki su ne suka fi ƙarewa a gadon asibiti ana ƙara musu ruwa.

Allurar a ƙarƙashin fata ake yin ta, a ciki, ko gaban cinya, ko bayan dantse. In a ciki ne, a bar tazarar yatsa uku daga cibiya, kuma a riƙa sauya wuri kowane mako don kada fatar ta yi ƙullutu. Alƙalamin iri biyu ne, akwai na amfani ɗaya a yar, akwai mai ɗauke da na makonni da yawa. Mai makonnin ana sa masa sabon tsinke kowane lokaci, kuma bayan lambar ta koma sifili sai a ƙirga shida a hankali kafin a zare, in ba haka ba wani ɓangaren maganin a kan fata zai ƙare. Ruwan ya zama garau, ba launi. In ya yi gurɓi a yar da shi. Ana ajiye shi a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, nesa da inda ke ƙanƙara, domin wanda ya daskare ya lalace ko da ya narke. In an manta ranar allura, ana iya yi matuƙar saura fiye da kwana biyu kafin ta gaba. In an matso kusa, a bar ta a jira ranar da aka saba. Wanda ya tsallake makonni kuwa kada ya koma kan babban mataki kai tsaye sai ya tuntuɓi likita. Batun inda ake saye ma ba wasa ba ne. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun semagulutayid da aka kama a Birazil da Birtaniya da Amurka. Duk wanda zai sayar maka ba takardar likita, ka riƙe kuɗinka.

Abin da na fara lura da shi ba a sikeli yake ba. Tunanin abinci ne ya daina bibiyata. A da ina cin na rana ina lissafin na dare. Yanzu sai in kai rabin faranti in ji na isa, in ture, kuma ba wani yaƙi da na yi da zuciyata. Na yi mamaki, na kuma ji wani baƙin ciki-baƙin ciki, domin a ranar na gane ashe haka sauran mutane ke rayuwa tun can, ni ina ta zagin kaina.

Wahalarsa a ciki take. A gwaje-gwajen da aka yi, kashi 44 cikin 100 sun yi tashin zuciya, kashi 30 gudawa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu amai, haka ma taurin bayan gida. Ni tashin zuciya da gyatsa mai wari ne suka fi damuna, musamman kwana biyun farko bayan an ƙara mataki. Tunda abinci na daɗewa a ciki, duk abin da ka ƙara bayan ka ƙoshi ba shi da wurin zuwa sai sama. Dabarun da suka yi mini aiki ba su da yawa: ƙaramin faranti, ci a hankali, tsayawa da jin alamar ƙoshi ta farko, nisantar soye-soye da maiƙo, da barin awa biyu zuwa uku tsakanin cin dare da kwanciya. Ruwa kuma kurɓi-kurɓi duk wuni, domin maganin har ƙishirwa yakan rage wa wasu, daga nan bayan gida ya bushe. Da aka kai ni 1.7 amai ya ƙi tsayawa, likita ya mayar da ni 1 na wasu makonni kafin mu sake gwadawa. Ya ce ba gasa ake ba, akwai masu zama a ƙaramin mataki su samu abin da ake nema.

Akwai ciwon cikin da ba a yi masa haƙuri. Ciwo mai tsanani a saman ciki da ke ratsawa zuwa baya, ya ƙi lafawa, ko da amai ko babu, alamar kumburin fankiriyas ce: a dakatar da allura a tafi asibiti. Ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, musamman bayan cin maiƙo, ko ido ya yi rawaya, wannan matsarmama ce, domin saurin ramewa kansa yana haifar da tsakuwa.

A nan ne mai amosani ya bambanta da sauran masu wannan allura, kuma shi ne abin da na fi so a ji. Magungunan kashe zafi irin su diklofenak, ibufurofen da naforoksen suna rage jinin da ke zuwa ƙoda. In mutum yana amai ko gudawa, ruwan jikinsa ya ragu, sannan ya ɗora su a kai, ga kuma maganin hawan jini mai sa fitsari ko makamancinsa, ƙoda na iya tsayawa cikin kwana biyu. Likitan ya kafa mini doka tun ranar farko: duk ranar da nake amai ko gudawa, ko na kasa shan ruwa, ba ƙwayar kashe zafi, kuma in kira shi game da maganin hawan jinin. Ya mayar da ni diklofenak na shafawa, wanda kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini, kuma yana aiki a gwiwa tunda gaɓar na kusa da fata. Farasitamol na nan don ranakun tsakiya, ba ya wuce giram 4 a wuni, ko da yake gaskiya ƙarfinsa a kan amosani kaɗan ne. Wani abin kuma, yayin da nauyi ke sauka hawan jini na sauka tare da shi. Na fara jin jiri in na miƙe tsaye, aka auna aka rage mini magani. Mai gwiwa irin tawa jiri ba ƙaramin abu ba ne, faɗuwa ɗaya ta isa.

Wajen wata na biyar wani abu ya ɗaure mini kai. Nauyi ya sauka sosai, zafin tafiya ya ragu, amma tashi daga kujera ya ƙara yi mini wuya, kuma gwiwar ta koma gocewa a kan matakala. Aka tura ni sashen gashin ƙashi. Ma'aikaciyar ta ɗauko tef ta auna cinyoyina a wuri ɗaya sama da ƙoƙon gwiwa, ta dama ta fi ta hagu sirancewa a fili. Ta sa na kwanta na miƙe ƙafar, ta danna da tafin hannu ɗaya, ƙafar ta sauka ba gardama.

Ta ce, "Yallaɓai, allurar nan ba ta san kitse da tsoka ba. In ba ka ba tsoka dalilin zama ba, tare za su tafi."

Gaskiya ta faɗa. A wani rukuni na mutanen da aka auna jikinsu a wani babban gwajin maganin da aka buga a 2021, kusan kashi 40 cikin 100 na nauyin da ya tafi ba kitse ba ne, kuma tsoka na ciki. Ga mai lafiyar gwiwa wannan abin lura ne kawai. Ga wanda jijiyarsa ta tsinke, guringuntsinsa ya cinye, tsokar cinya ce kaɗai ta rage mai riƙe gaɓar da shanye girgizar taku. Ka sauke kaya ka kuma raunana mai ɗaukar kayan, ribar ba ta da yawa.

Gyaran ta fuska biyu aka yi shi. Na farko furotin: giram 1.2 zuwa 1.6 a kan kowane kilo na nauyin da ake son kaiwa. Mai neman kilo 85 ke nan yana buƙatar tsakanin giram 102 da 136 a wuni. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, giram 100 na dafaffen nama ko kifi kuma wajen 25. Ga wanda cikinsa ke cika da loma kaɗan wannan aiki ne, don haka sai a raba shi uku ko huɗu, kuma a fara da shi kafin komai a faranti. Mai ciwon ƙoda kada ya ɗauki wannan lissafi sai da izinin likitansa.

Na biyu atisaye, kwana biyu zuwa uku a mako, da hutun kwana ɗaya a tsakani. Mun fara da ɗaga ƙafa a kwance: ka lanƙwasa mai lafiyar, ka miƙe mai ciwon, ka ɗaure tsokar cinya tamau, ka ɗaga kamar taƙi ɗaya da rabi, ka riƙe daƙiƙa biyar, ka sauke a hankali, sau goma, zagaye uku. Sai tashi da zama daga kujera mai tauri ba dafawa, ana farawa da doguwar kujera, kuma saukowar ce ake ja a hankali domin a nan tsokar ke aiki. Sai ɗaga ƙugu a kwance rigingine, da ɗaga ƙafa a kwance ta gefe, saboda in tsokar ɗuwawu ta yi rauni gwiwa kan karkata ciki. Da sau goma ya zama wasa, sai a ƙara nauyi a idon sawu, in ba haka ba tsokar ta daina ƙaruwa. Keken motsa jiki na da kyau in an ɗaga sirdin yadda ƙafa za ta kusa miƙewa a ƙasa. Sirdi gajere yana matse ƙoƙon gwiwa. Tafiya cikin ruwan da ya kai ƙirji kuwa tana ɗauke fiye da rabin nauyin jiki, ita ce ta riƙe ni a makonnin da gwiwar ta tashi.

Tsorona shi ne zafi, don na saba ɗaukar kowane zafi a matsayin ƙarin ɓarna. Ta ba ni ma'auni daga sifili zuwa goma. Zafin da bai wuce biyar ba lokacin atisaye, kuma ya koma yadda yake kafin washegari, ba laifi. In ya wuce haka, ko gwiwar ta kwana a kumbure, an yi yawa, sai a rage kashi ɗaya cikin uku a ci gaba, kada a daina gaba ɗaya. Ita ce kuma ta gyara mini riƙon sanda. A hannun da ke ɗaya gefen ake riƙe ta, wato hagu ga mai ciwon dama, tsayinta daidai wuyan hannu in an tsaya, kuma tare take tafiya da ƙafa mai ciwo. A matakala mai lafiya ce ke fara hawa, mai ciwo ce ke fara sauka.

An taɓa yi mini allurar sitiroyid, maganin rage kumburi, a cikin gwiwar, lokacin da ta cika da ruwa har na kasa lanƙwasa ta. Likita ya zuƙe ruwan, rawaya garau, ya zuba maganin. Na samu sauƙin 'yan makonni, wanda ya ba ni damar komawa atisaye, kuma iyakar amfaninta ke nan. Da na nemi a maimaita, ya ƙi. Ya ce a wani gwaji da aka buga a 2017, waɗanda aka riƙa yi wa ita duk wata uku har shekara biyu guringuntsinsu ya fi cinyewa, ciwonsu kuma bai fi na waɗanda aka yi wa ruwan gishiri sauƙi ba. Tana kuma tayar da suga na 'yan kwanaki, abin da mai ciwon suga ya kamata ya sani.

A ƙarshen 2024 aka buga gwajin da ya shafi irinmu kai tsaye: mutum 407 masu ƙiba da amosanin gwiwa, na tsawon mako 68. Masu semagulutayid sun sauke kashi 13.7 cikin 100 na nauyinsu, masu allurar da ba magani a ciki kashi 3.2. A ma'aunin ciwo mai maki 100, na farko ciwonsu ya ragu da kusan maki 42, na biyu da 27 da rabi. Na karanta na ga kaina a ciki. Sai dai na lura har waɗanda ba su samu maganin ba sun ji sauƙi mai yawa, kuma dukkansu an ba su shawarar abinci da motsa jiki.

Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni sikeli ya tsaya cak. Na sauke kusan kashi 15 cikin 100, daga nan ko gezau. Hankalina ya tashi, na ɗauka maganin ya daina aiki. Ashe haka yake yi wa kusan kowa: ƙaramin jiki ƙaramin kuzari yake ƙonawa, sai ci da ƙonawa su daidaita. Aikin maganin a wannan mataki shi ne riƙe abin da aka samu. Mutane kuma suka sauya waƙa, masu cewa in rage ci suka koma "lafiya kuwa, ka rame haka?" Gashina ya ɗan zube a watannin farko, abin da saurin ramewa ke jawowa, daga baya ya dawo. Sabon hoton gwiwa kuwa bai nuna wani canji ba. Sararin nan na gefen ciki yana nan a matse yadda yake. Na ji ba daɗi, ba zan ɓoye ba, domin a can ƙasan zuciyata na sa rai. Amma ina saukowa daga bene ba dafa bango, ina kwana ba tare da gwiwa ta tashe ni ba, kuma rabona da ƙwayar diklofenak an daɗe.

Maganar dainawa ita ce muke kai yanzu. Waɗanda aka bibiya bayan sun daina allurar, cikin shekara ɗaya kusan kashi biyu cikin uku na nauyin da suka sauke ya dawo, domin yunwar tana nan, danne ta aka yi. Kuma abin da ke dawowa galibi kitse ne, tsokar da ta tafi ba ta dawowa sai da aiki. Saboda haka duk mai shirin farawa ya tambayi kansa tun farko ko zai iya ɗorewa, ta fuskar aljihu da ta samun maganin. Ni da likita mun tsaya a kan in ci gaba da mafi ƙanƙantar matakin da zai riƙe nauyin, ana duba ƙoda da suga da hawan jini lokaci-lokaci, atisaye kuma ba ranar gamawa.

Dashen gwiwar roba da ƙarfe yana gabana, likitan ƙashi bai ɓoye mini ba. Abin da muke yi shi ne tura ranar gaba, domin kusan kashi 82 cikin 100 na irin wannan dashe kan kai shekara 25, kuma wanda aka yi wa da ƙuruciya ya fi fuskantar a sake buɗe shi a canza, aikin da ya fi na farko wuya. Ya ce in dawo mu yi maganar tiyata in ciwo ya fara hana ni barci duk da magani, ko tafiyar cikin gida ta gagara, ko ƙafar ta fara gwamewa a fili. Ya kuma sa na rubuta sunan allurar a katin asibitina, domin duk ranar da za a sa ni barci don tiyata, ko da ƙarama ce, dole mai ba da maganin barcin ya sani tun da wuri: abinci na iya kwana a cikin mai wannan allura ko da ya bi dokar hana ci, ya taso ya shiga huhu. Su ne za su faɗi ko a tsallake allurar mako ɗaya, ko a wuni ana shan ruwa-ruwa kafin ranar.